Ciyayyar da ta riƙe mu a Serdang

A ƙarshen shekarar 2018 maigidana ya samu gurbin karatun digiri na uku a fannin noma a Universiti Putra Malaysia, jami'ar da ke Serdang a jihar Selangor, kudu da Kuala Lumpur. Hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantun Najeriya ce ta ɗauki nauyinsa. Ni da ɗanmu na fari muka bi shi a kan takardar zama ta iyalin ɗalibi, wadda ba ta ba mutum izinin aiki. Kafin nan ina koyarwa a wata firamare a Zariya, kuma gidan da na taso ba a rufe ƙofarsa sai dare ya raba. Wannan ta shigo aron turmi, waccan ta aiko yaro karɓar gishiri, wata ta zo kitso ta zarce da hira har la'asar. Daga irin wannan zama na tsinci kaina a saman wani dogon bene a Seri Kembangan, inda kowace ƙofa take da wata ta ƙarfe a gabanta, da kwaɗo.

Malam yana fita da sassafe, sai bayan magariba yake dawowa. Da yamma hadari ya haɗo, ruwa ya zuba, gari ya koma ya ɗau zafi. Akwai ranakun da tun safe har dare ban yi magana da babban mutum ba. Ga kuma abin da muka gani lokacin neman gida: wasu masu haya, da zarar sun ji daga Afirka muke, sai su ce an riga an kama. Wannan ya sa na kama kaina. Ko a lifta na haɗu da mace, sallama ce a ciki-ciki, kowa ta dubi ƙasa.

Daga nesa za a ɗauka duk matan benen nan 'yan ƙasa ne, suna cikin danginsu. Ashe da yawansu baƙi ne irina. Matan ɗalibai ne daga Indunusiya, Bangaladesh, Pakistan, Indiya, Yaman da Iraƙi, kowacce tana ɗaki da yara da tukunyar shinkafa, kowacce tana zaton sauran sun fi ta sanin gari.

Daddawa ce ta fara haɗa ni da mutane. Daga gida na taho da ita, Inna ta ƙulle min leda cikin leda. Wata rana ina miyar kuka sai na ji ana taɓa ƙarfen ƙofa. Matar ɗakin da ke kallon namu ce, 'yar Indunusiya daga Padang a yammacin Sumatra, ta girme ni sosai, mijinta malamin jami'a ne da ya zo ƙaro karatu. Duk benen Ibu ake ce mata. Gabana ya faɗi, na ce ƙorafin wari ta kawo. Sai na ga faranti a hannunta. Da guntun Turanci da nuni ta tambaye ni abin da nake dafawa. Na ɗauko mata daddawar, ta kai hanci ta shaƙa sosai, ta yi dariya, ta koma ɗakinta ta dawo da wani dunƙule mai launin ƙasa. Terasi ne, ƙananan jatan lande da ake barin su su ruɓa a gishiri a shanya, kuma da shi suke ɗaure miyarsu. Ƙarfinsa bai gaza na daddawa ba. Da dare na ba Malam labari, ya ce ai har itacen petai, wanda mutanen yankin suke cin 'ya'yansa masu ƙarfin wari, ɗan uwan ɗorawa ne a wurin masana tsirrai.

Abin da ke cikin farantin nan rendang ne, naman sa da aka dafa a ruwan kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya ƙone, naman ya yi duhu. Girkin mutanen Minangkabau ne, ƙabilar Ibu. A tarbiyyar gidanmu ba a mayar da kwano fanko, don haka washegari na soya ƙosai na zuba na kai mata. Farantin ya sake dawowa da soyayyen tempe, waken soya da suke barinsa ya kama jikinsa. Haka ya yi ta kai da kawo har wata 'yar Bangaladesh da ke ƙasan mu ta shiga, ta jawo maƙwabciyarta, wannan ma ta jawo wata.

Ibu ce ta ce maimakon faranti ya yi ta yawo, mu riƙa zama tare. Aka tsayar da Alhamis bayan azahar, gida-gida. Ta kafa sharuɗɗa, kuma ba ta wasa da su. Mai masauki ba za ta dafa abincin biki ba, sai abin da gidanta suke ci yau da gobe. Baƙi ba za su zo da tsaraba ba. Kuma ba a tsallake kowa, in layi ya zo kanki to ya zo. A lokacin na ɗauka don sauƙaƙa kashe kuɗi ne, domin dukkanmu da kuɗin tallafin karatu muke lallaɓawa. Daga baya na ga abin da take tsarewa: kada a samu masu bayarwa a gefe guda, masu karɓa a gefe guda. Ni a ganina wannan sharaɗi na uku shi ya riƙe mu.

Turancin kowa guntu ne, Malayancinmu na kasuwa ne, Larabcin yawancinmu bai wuce na sallah ba. Amma mace ba ta buƙatar tafinta kafin ta gane yadda wata take yanka albasa ko take gwada gishiri. A kicin muke taruwa kafin mu koma tabarma.

Kasuwa ta ƙara kusanta mu. Mukan haɗa kuɗi mu je babbar kasuwar sari ta Pasar Borong Selangor, mu sayi kaya da yawa mu raba. A nan na ga abubuwan da na yi zaton na baro su a Zariya. Ga tsamiya, ga kuɓewa, ga zogale. Ibu tana yin romon ganyensa, 'yar Bangaladesh da 'yar Indiya kuwa dogayen 'ya'yansa suke dafawa a miyar wake, abin da mu a gida muke bari ya bushe a bishiya. Gero da dawa sai a shagunan Indiyawa, kuma 'yar Indiyar ce ta kai ni Brickfields, unguwarsu a Kuala Lumpur. Mutuniyar jihar Andhra Pradesh ce, Hindu, ba ta cin nama ko kaɗan. A wani shago a can ta ɗago wani kaskon ƙarfe mai ramuka ta nuna min, wai da shi mutanen kudancin Indiya suke soya ƙullun shinkafa da ya kwana. Na karɓa na juya shi. Tanda ce, sai dai ramukanta ƙanana.

Ranar da layi ya zo kaina na yi waina. Na jiƙa shinkafa tun daren Talata, na niƙa a bilenda, na haɗa da dafaffiya da yis, na rufe ya kwana. Da safe ƙullun ya tashi har ya ɗaga murfi. Suka kewaye ni a ɗan kicin ɗin nan da bai fi mutum biyu ba. Na ɗiga mai a kowane rami, na zuba ƙullu, gefen ya fara ƙyalli, na sa cokali na juya. 'Yar Bangaladesh ta ƙwace cokalin ta ce ita ma ta iya, suna da irinsa a lokacin sanyi. 'Yar Yaman ta nemi zuma. Na yi miyar taushe kashi biyu, ɗaya da nama, ɗaya da kabewa da gyaɗa zalla a tukunyar da nama bai taɓa shiga ba, saboda 'yar Indiya. Da ta ga na ware mata tukunya da ludayi, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Ba kullum ake kwana lafiya ba. Da layi ya zo kan 'yar Indiyar, wasu sun yi ta jan ƙafa, suna tambayar ko ya halatta a ci a gidan da ake ajiye gumaka. Ibu ta ce shinkafa ce da wake da ganye, babu yanka balle a yi maganar wanda ya yanka, ta sa takalminta ta yi gaba. Yawancinmu muka bi ta. Ɗaya ba ta zo ba, kuma ba wanda ya yi mata gori, mako na gaba ta dawo.

Wanda ya fi wuya shi ne tsakanin 'yar Bangaladesh da 'yar Pakistan. Ƙasashen nan biyu ƙasa ɗaya ce har zuwa 1971, lokacin da aka yi yaƙin da ya raba su, aka kashe mutane masu ɗimbin yawa a ɓangaren gabas, wanda ya zama Bangaladesh a watan Disamba na shekarar. 'Yar Bangaladesh ta rasa dangi a wannan yaƙi tun kafin a haife ta, kuma da labarin ta girma. 'Yar Pakistan, mutuniyar Lahore, abin da aka koya mata a makaranta daban ne. Wata Alhamis maganar ta taso, murya ta ɗaga, ɗaya ta tashi ta bar abincinta. Muka yi makonni in wannan ta zo waccan ba za ta zo ba. Ba mu muka sasanta su ba. Zazzaɓin dengi, wanda sauro ke yaɗawa kuma ya yi yawa a Selangor, ya kwantar da ɗan 'yar Bangaladesh a asibiti. Uwar tana can dare da rana, miji da sauran yara suna gida ba mai girki. 'Yar Pakistan ta riƙa dafa wake da gurasa tana ba ni in kai, tana cewa kada in faɗi daga inda ya fito. Mai gidan ba yaro ba ne, ya san hannun da ya murza gurasar nan. Bayan an sallamo yaron, kwanonin suka koma ɗakin 'yar Pakistan cike da kifi. Ba su zama aminai ba, ban kuma sake jin sun tayar da zancen 1971 ba. Amma sun koma zama a tabarma ɗaya.

A 2019 na haihu, 'ya mace. Duk Bahaushiya ta san abin da haihuwa take nufi a gida: uwa ko gwaggo tana kanki, ana dafa ruwan wanka safe da yamma, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji, ba ki ɗaga ko tsinke har a yi arba'in. Inna ba ta samu zuwa ba, kuɗin jirgi ya fi ƙarfinmu. Tun cikin yana wata bakwai nake kuka a ɓoye idan na tuna. Malam mutumin kirki ne, amma namiji bai san jego ba.

Ranar da aka sallamo ni na tarar an share ɗakin an goge, tukunya tana kan wuta. Ibu ta karɓi jaririyar ta yi mata addu'a, ta dube ni ta ce daga yau ba ni ba kicin. Ashe sun riga sun zauna sun raba kwanakin a tsakaninsu. Abin da ya ba ni mamaki, kowacce a cikinsu tana da jegon garinsu, kuma kowacce ta tsaya kai da fata nata ne daidai. Ibu tana kawo jamu, ruwan kurkum da tsamiya mai ɗumi, da romon wani ganye da suke ce wa katuk don ruwan nono. 'Yar Pakistan ta yi min panjiri, garin alkama soyayye a man shanu da 'ya'yan itatuwa da ƙaro, ta ce cokali biyu kowace safiya. 'Yar Bangaladesh ta daka habbatus sauda da tafarnuwa da man mustad, a ci da shinkafa mai zafi. 'Yar Yaman ta kawo asida, tuwon alkama da zuma da man shanu, da ruwan hulba. Wata dattijuwa 'yar ƙasa da ke hawan ƙasa, wadda muka saba zuwa gidanta ranar Sallah lokacin da Malayawa suke buɗe ƙofa ga kowa, ta hau bene da dutsen da ta gasa ta naɗe a zane. Ta riƙa danna min shi a ciki a hankali, sannan ta naɗe ni da dogon ƙyalle tun daga ƙugu har ƙirji. Su ma suna da kwanakin kame kai bayan haihuwa, arba'in ko arba'in da huɗu.

Ni kuma na kira Inna a bidiyo ta koya wa Ibu kunun kanwa. Inna ba ta jin Turanci, Ibu ba ta jin Hausa. Inna ta ɗauko ƙwarya da muciya a tsakar gidanmu tana nunawa, Ibu tana kwaikwaya a kicin ɗina da garin geron Brickfields da 'yar kanwar da na taho da ita. Da aka gama Inna ta ce, "Ki gaya wa baiwar Allah nan na ba ta amanarki. Allah Ya saka mata da Aljanna." Na fassara. Ibu ta sa gefen ɗankwalinta ta share ido. Ranar suna kuwa, ragon da Malam ya yanka ya shiga tukwane iri-iri, kowacce ta dafa kasonta yadda ta iya, abokan karatunsa suka ci suna tambayar wace ƙasa ce ta yi bikin.

Akwai wadda ban ambata ba tukuna, kuma saboda ita na fi son rubuta wannan. A kasuwar sari na haɗu da ita, tana ɓare albasa a bayan wata rumfa, a gefenta an tara wani ganye mai jan kara. Na tsinka na ɗanɗana: yakuwa. Mutanen Myanmar suna cinta sosai, haka mutanen Andhra Pradesh. Matar ta ga yadda na rungumi ɗaurin, ta yi murmushi ta ƙara min ɗaya. 'Yar Rohingya ce, wata al'ummar Musulmi ta ƙasar Myanmar, wato Bama, daga jihar Rakhine, wadda a da ake kira Arakan. Da na gaya wa Inna sai ta tuna min cewa kakana yana cikin sojojinmu da Turawa suka kai yaƙin Bama, kuma a wannan yanki na Arakan sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a 1944.

Dokar zama ɗan ƙasa ta Myanmar ta 1982 ta bar Rohingya ba su da ƙasa. Daga watan Agusta na 2017 sama da mutum dubu 700 suka tsere zuwa Bangaladesh, kuma uwarta da ƙannenta suna cikinsu, a sansanonin Cox's Bazar. Ita ta riga su fita, ta jirgin ruwa. Malesiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, saboda haka katin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da take riƙe da shi bai ba ta izinin aiki ba, 'ya'yanta kuma ba su da gurbi a makarantun gwamnati. 'Yar Bangaladesh tana gane yarenta kaɗan-kaɗan, ita ta gayyato ta.

Ta zo sau da yawa tana zama a bakin ƙofa, tana ci kaɗan, tana rigan kowa tashi wanke kwanuka. Da layi ya kusa kanta, wasu suka ce a tsallake ta don tausayi, me take da shi da za ta ciyar da mu. Ibu ta ce a'a, a tambaye ta. Aka tambaye ta, ta ce mu zo.

Ɗaki ɗaya ne da aka raba da katako, wani iyali suna ɗaya gefen. Ta aro tabarmi. Ta yi luri fira, gurasar garin shinkafa da ake murzawa a gasa a kasko, da miyar wake, da yakuwa da busasshen kifi da ɗanyen barkono. Ranar ba ta zauna a bakin ƙofa ba. Ita take nuna wa kowa wurin zama, ita take ƙara wa wadda farantinta ya yi ƙasa, har ta harari 'yar Pakistan don ta ce ta ƙoshi. Muryarta ma ta canja. Da ni da Ibu muka tashi za mu wanke kwanuka ta tare ƙofa ta hana, ta ce baƙi ba sa wanki a gidanta. Ban taɓa jin ta kira wani wuri gidanta ba sai ranar.

A ranar 18 ga Maris 2020 gwamnatin Malesiya ta kafa dokar hana zirga-zirga saboda korona. Alhamis ɗinmu ta tsaya. Azumin shekarar ya zo babu kasuwannin buɗa-baki da aka saba, babu tarawihi a masallaci. Muka koma rataya abinci a ƙarfen ƙofa, a ƙwanƙwasa a juya. A waɗannan watanni aka yi ta kama baƙi marasa takardu, zagin Rohingya ya cika Facebook, mijin 'yar Rohingyar nan ya rasa aikin dako. Muka riƙa haɗa shinkafa da mai da ƙwai, Malam ko mijin Ibu ya kai idan ya fita cefane. Ba a taɓa dawo mana da roba fanko ba. Wani lokaci gurasa ce guda uku, wani lokaci ɗaurin yakuwa. A tsakiyar 2021, da wuya ta kai wuya har mutane suka fara rataya farin ƙyalle a ƙofa don neman taimako, ita ce ta gaya mana akwai wata 'yar Indunusiya mai aikin shara a layinsu da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba. Daga abin da muka aika mata ta ɗiba ta kai, kafin ma mu sani.

Malam ya kammala a 2022 muka dawo Zariya. Ibu tana Padang, 'yar Pakistan tana Lahore, 'yar Yaman ba ta koma ba saboda yaƙin ƙasarsu, mijinta ya samu aiki a wata ƙasar. Muna da zaure a WhatsApp, kuma yawancin abin da ake turawa hoton tukunya ne da na yara. Tandar Brickfields na bar wa 'yar Bangaladesh, ita kuma da za ta tafi ta bar wa wata sabuwar zuwa.

Kowacce a cikinmu ta zo da ranar komawa a rubuce a takardarta, ban da 'yar Rohingya. Tana nan a ɗakin katakon. Babbar 'yarta ta gama abin da makarantar sa-kai ta 'yan gudun hijira za ta iya koya mata, yanzu tana taya uwar ɓare albasa. Sunansu yana cikin masu jiran a mayar da su wata ƙasa, kuma har yau ba a kira su ba. Duk azumi mukan haɗa abin da ya sawwaƙa mu aika mata ta hannun matan da suka gaje mu a benen. Sun ce har yanzu tana cikin layin Alhamis, kuma ba ta yarda a tsallake ta. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ta da 'ya'yanta a addu'a, Allah Ya ba su ƙasar da za ta karɓe su.